Amsar da Ban Ba Ɗana Ba

Akwai wata Juma'a a Riyad da ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, ba na jin zai iya kwashe ta. Ba a yi gobara ba, ba a yi mutuwa ba. Ɗana ne ya yi mini tambaya ɗaya bayan cin abincin rana, ni kuma na mayar da ita wasa.

Lokacin ina aikin tafinta a wani kamfanin gine-gine da ke Ulaya, muna zaune a Al-Jaradiya da maman yara da 'ya'yanmu uku. Babban namiji ne, a nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu nesa ba kusa ba. Ya kusa cika sha takwas, yana shirin wata jarrabawar Turanci da ake yi kafin a ɗauki mutum jami'a a Turai. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ni da musu. Tun ina sakandare nake wakiltar makarantarmu a gasar muhawara, kuma in ka ce fari sai na lalubo maka hujjar baƙi, ko da a zuciyata na yarda da kai. Abokaina har lauya marar kotu suke ce mini.

Sai dai duk kaifin bakin nan, a gaban yaron ba ya aiki. Ɗan fari ne, ni kuma yadda na taso na ga ana yi haka na yi: ba na kiran sunansa, ba na zaman hira da shi, in ina da saƙo sai ya bi ta wurin uwarsa ko ƙannensa. Shekara ashirin a ƙasar da uba ke rungume ƙaton ɗansa ya sumbace shi a tsakiyar kasuwa ba su cire mini wannan kunyar ba. In gaya muku gaskiya ma, alfahari nake da ita.

To ranar mun sauko daga masallaci, mun ci shinkafar kabsa mun yi nak, sai ga shi ya shigo falo da littafinsa. Bai dube ni ba, uwarsa ya duba. "Umma, ki ce wa Abba ya taimaka mini da wani rubutu." Maudu'in kuwa shi ne: wasu ƙasashe ba sa sayar wa mutum giya sai ya kai shekara ashirin da ɗaya, shin ya kamata a rage zuwa sha takwas? Ya ce malaminsu ya umarce shi ya goyi bayan a rage.

Maman yara ta ajiye farantin da ke hannunta ta ce, "A'uzu billahi! Su rasa abin tambayar yara sai giya?"

Na ce, "Ke dai, jarrabawa ce, ba wa'azi ba. Kawo littafin nan."

An zo wurin. Na gyara zama na fara zuba kamar ina gaban alƙalan gasa. Na ce ya rubuta: wanda aka yarda ya yi zaɓe, ya yi aure, a ba shi bindiga ya tafi yaƙi, ta yaya za a ce bai isa ya zaɓi abin da zai zuba a cikinsa ba? Na ce ya ƙara: hani shi ke ƙara wa abu zaƙi, kuma wanda ya sha a ɓoye ya fi wanda ya sha a fili shiga haɗari. Ina faɗa yana rubutawa, ina jin daɗin kaina. Muka kwashe kusan awa biyu, kuma ban taɓa zama da shi tsawon haka ba tun da aka haife shi.

Da muka gama, uwarsa ta tashi kicin. Shi bai tashi ba. Yana juya biro a hannu, sai ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Ɗayyib, Abba. Amma kai fa? Ya'ani, in ni ne a can, na kai sha takwas, abokai suka miƙo mini. Kai me ka gani?"

Har yau ina ganin fuskarsa. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da ba ya yi. Ni kuma wani nauyi ya danne ni, na ji kamar an kama ni ba riga. In yi maganar giya da ɗan farina, ni da shi, baki da baki? Sai na yi dariya na ce, "Mu ina ruwanmu? Dokarsu ce, su ta shafa. Kai da kake Riyad, ina ma ka ga giyar? Yalla, je ka gyara sakin layin ƙarshe." Ya ce "Tamam," ya kwashi littafinsa ya fita.

Ko a jikina. A lissafina ƙasar ta riga ta yi mini wannan aikin. Babu shagon sayarwa a unguwa, babu talla, ba ka ganin mashayi yana tangaɗi a titi, kuma kowa ya san wanda aka kama da ita ya yi sallama da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa. Na ɗauka yaron da bai taɓa ganin abu ba, ba ya bukatar a ja masa kunne a kai. Wauta kenan, amma a lokacin hikima nake ganinta.

Ya ci jarrabawar da maki mai kyau, na yi ta yawo da labarin a wurin aiki. Ya tafi wata ƙasa inda ɗan sha takwas yake sayen giya da katinsa ba mai ce masa don me. Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu waya ta fara wuya, in an kira sai a ji muryarsa a shaƙe ya ce mura ce. Daga nan takarda ta zo daga jami'ar: ya bar shiga aji, ya faɗi jarrabawa sau biyu, sun sallame shi. Wani ɗan uwanmu da ke can ne ya faɗa mana sauran, har da ranar da aka kwashe shi zuwa asibiti bai san inda kansa yake ba.

Ni na je ɗauko shi a filin jirgi, da rana tsaka. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Sai da muka yi nisa sannan na fashe da faɗa. Na kawo aya, na kawo hadisi, na ce me muka rage ka da shi, na ce ka kashe uwarka da ranta. Ya bar ni na gama tsaf.

Sannan ya ce, "Abba, ka tuna rubutun nan?" Na ce na tuna. Ya ce, "Ba malami ne ya ba ni ba. Ni na zaɓa a littafin." Ashe mako guda kafin waccan Juma'ar, ya je wurin abokinsa a rukunin gidajen da Turawa ke zama, ya tarar suna haɗa tasu giyar a jarka a banɗaki. Suka miƙa masa, ya ce kansa ke ciwo. Suka ce to sai wani makon. "Na san haram ce, wallahi na sani, ba laifinka nake gani ba. Bas, kawai ina so in ji daga bakinka. Ka ce mini a'a, in samu abin riƙewa. Sai ka ba ni hujjoji, kuma hujjojinka suna da kyau, Abba. Da su na rinƙa lallashin kaina."

Na gangara gefen titi na tsaya, don ban ƙara ganin hanya ba. Na yi kuka a gabansa, shi kuma ya juya yana kallon taga don kada ya gan ni.

An ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, to ni ban taɓa ce masa bari ba. Sai daga baya na gane inda na yi kuskure. Mahaifina ma ya yi kunyata, amma a gidanmu akwai baffa, akwai kawu, akwai kaka mai ja ka gefe ta faɗa maka abin da uba ba zai iya ba. Ni na ɗauko kunyar na hau jirgi da ita, na bar waɗannan mutanen duk a gida.

Yanzu yana Najeriya wurin ƙanena, yana taya shi tsaron shago. Ya daina sha ya koma, ya sake dainawa, wannan karon an jima, muna ta addu'a. Karatun dai ya tafi. Ina kiransa a waya da kaina, mu gaisa, ya tambayi lafiyata cikin ladabi, sai hirar ta ƙare a nan, don bai saba ba kuma ni na hana shi sabawa.

Har yanzu abokai kan tayar da zancen sha takwas ko ashirin da ɗaya, su zuba mini ido in tsoma baki. Ba na tsomawa. Ko shekara nawa hukuma ta yanka, ko ta hana ɗungurungum, ba za ta zauna a falo ta yi magana da ɗanka ba. Abin da na koya, kuma na koye shi da tsada, shi ne: ranar da ɗanka ya daure ya ce maka "kai me ka gani", ka haɗiye kunya ka faɗa masa gaskiyar zuciyarka a take. Nawa sau ɗaya ya tambaya.