Koren Injin Motar Kakana

Jiya na bi ta Ƙofar Kaura, wani mai fenti yana sirka fentin mai da kananzir a bakin shagonsa. Warin na bugun hancina na ji hankalina ya tashi. Har na iso gida na kasa zama wuri ɗaya.

Ka ga kakana direba ne tun zamanin da mota ke da mutunci. Wata baƙar mota ya ja mai ƙaton goshi, irin wadda sai an wana ta da ƙarfe ta gaba take tashi. Kafin a haife ni ta mutu, aka yi gunduwa-gunduwa da ita, ba abin da ya rage sai hoto baƙi da fari. Ni kuwa a Ƙofar Guga ba yaron da ya kama ƙafata wajen ƙera motar langa-langa. A farkon wata damina idon kakana ya fara tafiya, likita ya ce ba abin da za a iya. Sai ya kira ni zaure ya ce in ƙera masa motarsa har da injin, yana so ya gan ta kafin ganin ya ƙare.

Jikin bai ba ni wahala ba. Gwangwanin madara na buɗe, na yanka tayoyi a tsohon silifa, injin kuma gwangwanin kifi da 'yar waya. Fentin injin ne ya hana ni sakat. Kore ne, in ji shi. To wane kore, jama'a?

Na bi masu fentin ƙofofi ina roƙon ɗigo-ɗigo a murfin kwalba. In shafa, in shanya, ga damina fenti ba ya son bushewa, ƙananan ƙwari su bi su manne. In kai masa, ya juya wajen haske ya ƙura ido.

"Kai, wannan ai alayyafo ne! Mi ka ɗauke ni, mai lambu?"

Na ƙara baƙi ya ce na kashe shi, na ƙara fari ya ce miyar kuɓewa na kawo masa. Wallahi akwai ranar da na ji kamar in take motar in huta. Amma kullum ina lura yana ƙara matso da ita, har hancinsa ya fara taɓa gwangwanin. Tsoro ya kama ni. Abinci ma a tsaye nake ci.

Kakata ce ta gaji da zaryata. Tana tankaɗe a tsakar gida ta kira ni.

"Kai mijin banza, zo nan. Mi kake nema a gari? Injin nan baƙi ya zo. Ragowar fentin gadon aurena tsohon nan ya ɗauke ya shafa mashi, muka kwana biyu ba mu ko gaisawa."

Gadon ƙarfe ne mai rumfa, yana nan a ɗakinta. Samansa duk ya koɗe, amma can ƙarƙashi, inda rana da hannu ba sa kaiwa, fentin na nan yadda yake: kore mai duhu da ɗan shuɗi a ciki. Na ture kwanonin jerenta na kwanta rigingine, ina sirkawa ina gwadawa a jikin ƙarfen, tana tsaye riƙe da labule tana mini tsiya, har aka kira la'asar. Na samu. Sai ruwa ya tsinke, ya yi ta yi kwana da kwanaki, fentin ya ƙi bushewa, ni kuma na rantse ba zan kai masa da tambarin yatsa ba.

Ranar da na kai, bai juya wajen haske ba. Ya buɗe bonet ɗin, ya bi injin da babban yatsa a hankali.

"Ita ta gaya maka ko?"

Na ce e.

"To shi ne."

Ya miƙo mini motar, amma hannunsa ya nufi gefen da ba kowa.

Yanzu ɗana yana nuna mini a waya cewa kowane launi da lambarsa, na'ura ce ma ke haɗawa. Ya ce in faɗi lambar kawai ya samo mini. Ina zan samo ta? Motar tsatsa ta cinye. Gadon kuwa bayan rasuwar kakata aka ba 'yan gwangwan, ina can wurin aiki ba wanda ya tambaye ni. Na bi su har inda suke tara ƙarafa, suka ce an riga an loda.