Jarkar da ba ta raguwa

Akwai wata rana a aikin lab, wato ɗakin gwajin jini na asibiti, da ba ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake gara in faɗa tun farko cewa shekaru sun ɗan ja, kuma mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Ko watan ma ban tabbata ba. Na dai san damina ce, domin masarar bayan asibiti ta fi ni tsawo. Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗan asibiti a gefen Kafanchan, kullum ina zuwa daga Zonkwa a bas. Shugabata ita ce Madam Rifkatu, babbar ma'aikaciyar lab. Duk takardar sakamakon da za ta fita, sai da sa hannunta. Ta sa mini suna Malam Wataƙila, wai ba a taɓa tambayata abu na amsa kai tsaye ba. Ina jin tana da gaskiya.

Saboda waɗanda ba aikinsu ba ne, bari in bayyana ruwan da muke kira distil. Ana tafasa ruwa a tukunyar ƙarfe mai rufi, tururin ya bi ta wani bututu da ruwan sanyi ke zagayawa, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga a jarka. Gishiri da ƙasa da tsatsa duk suna zama a gindin tukunya. Ɗigon farko zubarwa ake yi. Da wannan ruwa muke haɗa kalar da ake rina jini a kan gilashi don neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. In ruwan ya gurɓata, kalar ba ta kamawa daidai, ƙwayar tana nan amma ido ba zai gan ta ba. Saboda yawan ɗauke wuta, tukunyarmu ta gas ce, kuma saboda zafinta a barandar baya muke ajiye ta tare da jarkar.

A makon da abin ya faru aka kwantar da wani makiyayi, Buba, daga wata ruga ta wajen Fadan Kaje. Jikinsa zafi, kansa na sara, har ya fara surutai. 'Yan'uwansa sun ce ya sha maganin zazzaɓi daga kemis bai ji sauƙi ba. Kayan gwajin nan na gaggawa sun ƙare mana, saura madubin lab mai girmama ƙwayoyin cuta kawai. Na ɗauki jininsa na rina na duba, ban ga komai ba. Washegari da safe na sake, haka dai. Gilashin ya yi wani fari-fari, da ɗan gari-gari a kai, amma ƙwaya ban gani ba.

Likitanmu saurayi ne mai kula. Ya ce in dai ba zazzaɓin sauro ba ne, yana tsoron sanƙarau, kuma wannan ya fi ƙarfin kayan aikinmu, sai babban asibiti a Jos. 'Yan'uwan Buba suka nemo mota. Hanya ta lalace da ruwa, mutumin ko zama ba ya iyawa, kuma ba wanda zai iya cewa zai kai da rai. Abin da ake jira kawai takardarmu mai cewa babu ƙwaya.

Na kai wa Madam takardar. A ƙasa na rubuta cewa ban ga ƙwaya ba, amma kalar ba ta gamshe ni ba. Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce yau kam wataƙilar tawa ta yi rana. Ta zauna a madubi ta duba da kanta. Ba ta sa hannu ba. Sai ta ɗauko wani gilashi daga cikin waɗanda take ajiyewa ba a rina ba, jinin da ta riga ta san cike yake da ƙwaya, ta ce in rina shi da kalar da na yi amfani da ita. Na rina, muka duba. Shi ma kusan babu abin da ya fito.

Ta tambaye ni yaushe na kunna tukunya a makon. Na ce ban kunna ba, domin kullum na je na tarar da jarka cike, na ɗauka ita ce take dafawa da yamma bayan na tafi. Ta ce ita kuma ta ɗauka ni ne nake sammako.

Ta ɗiga ruwan jarkar a gilashi mai tsabta, ta ɗora a wuta ya bushe. Distil na gaskiya ba ya barin komai. Wannan ya bar farin zobe kamar bakin kofi.

Ta tafi wajen likita, na bi ta. Motar tana ƙofa, an riga an shimfiɗa tabarma a baya. Ta ce masa gwajin da muka yi jiya da yau ba abin dogara ba ne, ruwanmu ya ɓaci, tana roƙon ya dakata ta dafa sabo.

“Ma, in sanƙarau ne fa? Kowane jinkiri a kansa yake.”

“Na sani, Likita. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban gani da kyau ba. Ba ni zuwa azahar. In na duba babu, ni da kaina zan riƙe masa ruwan allura har Jos.”

Likita ya ce direba ya jira, shi kuma zai ci gaba da abin da zai iya. Tukunyar ba ta san gaggawa ba. Madam ta wanke ta, ta kunna, ta zubar da ɗigon farko kamar kullum. Na ce ko za mu yi amfani da shi haka nan tunda lokaci na tafiya. Ta ce, “Bitrus, ruwan gaggawa ne ya kawo mu nan?” Na ce a'a. Ta ce to in kawo kwalba mai tsabta in daina zagaye ta.

Muna tsaye sai ga mahaifiyar Buba, Inna Hajo, da bokiti a kai. Ta gaishe mu, ta nufi jarkarmu da Madam ta zazzage, ta buɗe murfi za ta zuba. Madam ta riƙe hannunta a hankali, ta tambaye ta ko ita ce take cikawa. Inna ta ce ita ce mana. Tun da aka kwantar da ɗanta ba ta da aikin yi sai zama, ga mutane suna wahala a kansa, ita kuma ba ta da abin ba su. Shi ne kowace asuba take ɗebo ruwa a rijiyar bayan asibiti ta cika duk abin da ta gani a baranda. Da irin Hausarta ta ce, “A wurinmu mace ba ya wuce tulu rabi ya bar shi haka.”

Ni dai na ji tsoron abin da Madam za ta ce, domin na san ta a kan jarkar nan. Sai ta sauke mata bokitin, ta ce Allah ya saka, tun da ta fara aiki a nan ba wanda ya taɓa ɗebo mata ruwa. Sannan ta nuna mata tukunya da bututu da ɗigon, ta ce wannan ruwan magani ne, ba ya son a haɗa shi da wani, ko da na sama ne. Ta ce amma tukunyar da durom ɗin sanyaya bututu kullum ƙishirwa suke ji, in Inna za ta riƙa cika su, ta taimake mu ƙwarai. Ba ta gaya mata cewa ruwanta ne ya ɓoye ciwon ɗanta ba, kuma ta yi mini wani kallo da na gane ni ma kada in faɗa.

Kafin kiran azahar mun tara abin da zai isa. Muka haɗa sabuwar kala, muka rina gilashin gwaji tukuna, ƙwayoyi suka fito sarai. Sannan na Buba. Madam ta duba, ta tashi ta ce in zauna. Ban taɓa ganin ƙwaya da yawa haka a gilashi ɗaya ba. Ta ce, “Malam Wataƙila, me ka gani?” Na ce akwai, Ma, da yawa. Ta ce yau ta ji amsa.

Likita ya fara masa allurar zazzaɓi mai tsanani nan take, aka sallami direba. Mun kuma nemo sauran waɗanda muka gwada a makon muka sake musu. Bayan 'yan kwanaki Buba ya tashi yana neman fura. Inna Hajo ta ci gaba da cika durom har ranar da suka tafi, kuma ita ce take korar duk wanda ya matso kusa da jarkar. Daga baya Madam ta ɗaura wa jarkar jan ƙyalle, ta mayar da ita cikin ɗaki.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a aikinmu ruwa ma sai an gwada shi kafin a yarda da shi, kuma in jarka ba ta raguwa, a tambaya. Na kuma ga yadda mutum zai tsaya a kan ƙa'ida har ya tsayar da mota, bai kunyata tsohuwar da ta zo da alheri ba. Na biyun nan har yanzu koyo nake.

Waɗanda suka yi aiki tare da mu a lokacin, in na kuskure a wani wuri, don Allah ku aiko mini da gyara. Musamman ƙyallen, wani ya ce shuɗi ne. Abu ɗaya kawai nake roƙo: in a cikinku akwai mai zuwa rugar su Buba, Inna Hajo ta san cewa ta taimaki lab, a bar ta a haka.