Shahon da na sa wa suna Sabi'u

Jama'a, na rantse da Allah wannan ni ya faru da ni, shekarun baya ina aikin korar tattabaru daga saman ofisoshi a unguwar Aldwych da ke London. Da shaho muke aikin, maigidana Bature ya samo wani shaho ɗan dazukan Amurka mai jan ido, ya ce ai irinsa ma sunan wani mutum Turawa suka laƙaba musu, ni ma in raɗa wa wannan wanda na ga dama.

Ko numfashi ban ja ba na ce Sabi'u.

Sabi'u abokina ne, flat ɗaya muka zauna a Catford, shi ya buga waya Kano ya ce wa iyayen budurwata Hadiza wai giya nake sha, aka fasa aurenmu, bayan shekara munafukin ya aure ta ya kawo ta London. Na tsane shi, ba zan ɓoye muku ba.

To ƙa'idar aikin, shaho sai da 'yar yunwa yake dawowa hannunka, in ya ƙoshi ya tafi kenan. Ni kuwa na wuce ƙa'ida, in ɗaga nama in ce "Sabi'u, zo nan ɗan banza!" ya sauko jiki na rawa, in mayar da naman aljihu. Wallahi daɗi nake ji har raina.

Wata biyu ana haka sai ga wayar Hadiza tana kuka. Wai Sabi'u na asibiti ya zama ƙashi da rai, an yi test an rasa ciwon, da ya kai loma baki sai hannunsa ya dawo.

"Cewa yake kai ke kiransa. Don Allah me ka yi masa?"

Na ce ban san zancen ba, amma nan take shahon ya faɗo min a rai. Washegari da safe na zube wa tsuntsun nama ya ci ya yi nak, na sake shi. Ya haye sama, ko waiwaye.

Da la'asar Hadiza ta sake kira. Wai mijin nata ya tashi ya cinye kwano biyu, ya ce bari ya sha iska a waje. Har yau 'yan sanda ba su gan shi ba.

Kar ku tambaye ni, ban sani ba. Amma kome zafin da mutum ya ba ku, kar ku ɗora sunansa a kan dabba. 'Yarsa yanzu ta shiga secondary, har gobe tana tambayar ina babanta.