Neman Garba Mai Haɗa Taragu, Daga Shinkafi Zuwa Zurmi

Asabar: Shinkafi zuwa Ƙaura

Tun kafin kiran assalatu Baba ya shirya, ya zauna a zaure da sandarsa. Mun isa tasha ƙarfe shida, amma motar ba ta tashi ba sai bakwai da rabi, domin yanzu direbobi ba sa hawa hanyar Ƙaura sai motar farko ta iso daga can ta ce lafiya.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne. Ya fara da jirgin kwal, ya gama da na dizal, yana jan fasinja da kaya tsakanin Zariya da Ƙauran Namoda. Yanzu ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Mako guda kafin tafiyar ya kira ni, ni ne babban ɗansa, ya ce in kai shi Ƙaura ya ga wani Garba da suka yi aiki tare. Na kawo maganar hanya. Ya ce in ba zan iya ba zai tafi shi kaɗai.

Mu bakwai ne a ƙaramar mota. Mun wuce shinge huɗu, a biyu aka sauke mu aka duba but ɗin motar. Gero ya nuna a gonakin bakin titi, amma can ciki ciyawa ce ta cinye wasu. Muka hango gidajen Ƙaura ƙarfe tara da kwata.

Tashar jirgi

Babur biyu suka kai mu tasha. Awaki na kiwo tsakanin layin dogo, mata sun shanya barkono a dakalin da fasinja ke jira da. A gefe akwai wani tsohon kan jirgi, fenti ya kaɗe, gilasai babu. Baba ya shafa ƙarfen matakalarsa, ya ce irinsa ya tuƙa.

Nan ya shiga ba ni labari. Ya ce ran da kan dizal ya fara shigowa Ƙaura mutane sun cika tasha suna tambayar ina hayaƙin, ina mai zuba kwal. Su kuwa direbobi murna suka yi, don an daina komawa gida da baƙar riga. Ya ce lokacin kaka yakan ja taragun gyaɗa da auduga da fatu, in kaya sun yi nauyi sai ya saki yashi a kan layi kafin ƙafafun su kama. Mutanen ƙauyukan hanya kuma da kukan jirginsa suke sanin azahar ta kusa.

Wani dattijo mai gadi ya fito daga rumfa. Baba ya tambaye shi Garba mai haɗa taragu.

"Garba mai hannu guda? Ai ya daɗe da komawa Zurmi wajen ɗiyanshi. Yana nan da rai, sai dai jiki ya yi nauyi."

Rana ta yi, Baba kuma ya gaji, sai muka sauka gidan ƙanwarsa, Gwaggo Hajo. Ta kawo mana hoce da fura. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida na tambaye shi yadda Garba ya rasa hannu.

Ya ce wata rana da hantsi suna haɗa taragun gyaɗa. Ƙa'ida ita ce direba ba ya motsawa sai mai haɗawa ya fito daga tsakanin taragu ya ɗaga tuta. Baba kuwa ya makara, yana sauri, ya ja baya bai jira ba. Ƙarfe ya haɗe da hannun Garba na dama. Da aka zauna bincike, Baba ya rantse cewa ya ga tuta. Aka ɗora wa Garba sakaci aka sallame shi, Baba ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya.

Ban taɓa jin wannan ba. Gwaggo ma ajiye ludayinta ta yi.

Lahadi: Ƙaura zuwa Zurmi

Mun tashi takwas saura kwata a bas cike da 'yan kasuwa da buhunan albasa. Shinge uku, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci. A tashar Zurmi na tambayi mai shayi, nan take ya kwatanta mana gidan, bayan wani masallaci mai koren ƙofa.

Babban ɗan gidan, Malam Sani, tela ne, sa'ana. Ya shigar da mu zaure. Garba na kishingiɗe a tabarma, hannun rigarsa na dama a naɗe.

"Wa na?" ya tambaya.

"Mamman na, direba," in ji Baba.

Ya tashi zaune. "Mamman. Kana da rai ashe. Mi ya kawo ka?"

Baba ya ce mu ba su wuri. Garba ya ce babu mai fita. Sai Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Na zo roƙon gahwara. Ran nan ban ga tuta ba."

"Na sani. Tutar tana soke ga ƙuguna, ya za ka gan ta?" Garba ya gyara zama. "Hannu kam ƙaddara ta. Amma ɗiyana sun tashi ana ce musu ubansu sakaci ya yi. Uwarsu ta rasu ban san ko ta yarda da ni ba. In gahwara kaka so, ka maimaita gaban mutane."

Baba ya ce ya yarda. Muka jira har azahar. Sani ya kira ƙannensa biyu, ya kira liman da maƙwabta uku da suka fito sallar azahar. Baba ya miƙe tsaye, na so in riƙe shi ya ture hannuna. Ya faɗi sunansa da aikinsa, ya faɗi abin da ya faru da rantsuwar da ya yi, bai rage komai ba. Ni kaina ban iya ɗaga ido ba. Sani ya juya fuska ga bango yana share hawaye da hularsa.

Liman ya tambayi Garba abin da ya ce.

"Na yahe," in ji shi. "Jiya da an tambaye ni da ban ce haka ba. Sani, a kawo musu tuwo."

Muka ci tuwon dawa da miyar kuka. Su biyun suka ɗan taɓa hirar mutanen tasha, wane ya rasu, wane yana Gusau. Ba su yi dariya ba, amma da za mu tafi Garba ya sa aka ɗaga shi, ya raka mu har bakin ƙofa.

Komawa

Mun bar Zurmi ƙarfe uku, muka sake kwana a Ƙaura, don ba a shiga hanyar Shinkafi da yamma. Litinin sha ɗaya saura muka iso gida lafiya. Kafin Baba ya cire takalmi ya ce in tara masa ƙannena da jikoki bayan la'asar, su ma su ji daga bakinsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Gwaggo Hajo da ta sauke mu kwana biyu, da Malam Sani da ya ba mu tabarma da ruwa tun bai san abin da ya kawo mu ba, bai kuma janye su ba bayan ya sani.