Gizagon Sale

Wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar girbin gero, shekara biyar da zuwan Turawa, masinjan Baturen da ya sauka a Dutse ya yi sallama a gidanmu a Takur, riƙe da takarda. Babanmu masassaƙi ne, turmi da akushi da kujerar mata duk aikinsa ne. A takardar akwai zanen wasu jajayen mutane sanye da farin bante, suna yanka katako suna sassaƙa. Masinja ya ce mutanen Masar ne na zamanin Fir'auna, a bangon kaburburansu aka zana su, kuma Bature na son kujera irin ta cikin zanen, mai ƙafafu kamar dagin zaki. Baba ya ce, "Ashe har a kabari masassaƙi bai huta ba."

Ni ne babba, amma ni bahago ne, Baba kuwa ya yi imani hagu ba ta fitar da aiki. Saboda haka ƙanena Sale aka ƙera wa ɗan gizago, ni aka bar ni da kiwon awaki da kwasar ɓawon itace. Idan na ji sautin saransu a gindin tsamiya, bugun Baba na biye da na Sale, sai abinci ya fita raina. A ranar na ƙura wa takardar ido har na gano wani mutum a gefe riƙe da gizagonsa a hannun hagu. Na ruga na nuna wa Baba. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "To, ai ka ga inda hagun ta kai su."

Washegari ya ba Sale ƙafa ɗaya ta kujerar ya fitar. Da na kora awaki, na saci gizagon Sale na jefa shi cikin wani tsagin dutse da hannu ba ya kaiwa. Sale ya sha bulala bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya share hawaye, ya ɗauki wuƙar fere ƙwarya ta Inna ya ƙarasa aikin, ƙafar da ya fitar kuma ta fi sauran ukun kyau. Ranar na fi shi kuka.

Yanzu kafintoci sun cika gari, ƙusa da zarto sun kori sassaƙa. Sale ya rasu ban faɗa masa ba, amma har gobe tsofaffin matan Takur a kan kujerunsa suke tuƙa tuwo. Ni kuwa abin da hannuna ya bari a duniya, gizago ne a tsagin dutse.