Ranar da Na Gasa Irin Masarar Surukina

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na gasa wa surukaina masara ba. Dogon hutu ne na damina, an rufe makarantar da nake koyarwa, na kwashi maiɗakina da yara muka tafi ƙauyensu da ke gefen Gezawa. Ni haifaffen birni ne, ban san komai na noma ba, amma a lokacin ji nake babu abin da ya fi ƙarfina tunda ina da waya a hannu. A wayar na ga yadda ake wa gasasshiyar masara kwalliya kala-kala, na ƙudurta sai na nuna wa mutanen ƙauye cewa ba gishiri kaɗai ake barbaɗa mata ba. Iyayi ne kawai, yanzu na sani.

A bayan gidan surukina akwai 'yar gona ta jar masara, wadda ya gāji irinta daga mahaifinsa. Ba a sayar da irin a kasuwa. Duk shekara yakan zaga ya zaɓi goyon da suka fi girma, ya ɗaura musu tsumma, a bar su su bushe a jikin kara don shukar baɗi. Duk wanda ke gidan ya san wannan, har kaji ma ina jin sun sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Da safe da na je gaishe shi na ambata masa niyyata, kaina a sunkuye. Ya ce gida ai nawa ne, in ɗebi abin da nake so. Bayan azahar maza suna gona mai nisa, mata suna cikin gida, na shiga da buhu. Da na ga tsummokaran nan sai na ji daɗi har raina, na ce Allah sarki Baba, har ya yi min alamar waɗanda suka isa gashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na karye. Uku kawai na bari, don na ga tsutsa ta taɓa bakinsu.

Na hura gawayi a ƙofar gida, na ɗora raga, na jera kwanuka. Ga man shanu da yaji, ga garin ƙuli-ƙuli da lemon tsami, ga zuma da soyayyen riɗi, har da daddawa da na daka da albasa da attaruhu. Ƙamshi ya cika unguwa.

Bayan la'asar maza suka dawo. Ƙanen maiɗakina, wani magidanci da bai taɓa ganina bai tsokane ni ba, ya taho yana dariya yana cewa yau malamin boko ya koma mai gashi. Yana zuwa kusa ya kalli tarin ɓawon da ke gefena, dariyar ta ɗauke. Na miƙa masa mai man shanu, ya karɓa da hannu biyu, ya koma gefe ya riƙe ta bai kai baki ba. Sauran ma haka. Mutum ya yi sallama da fara'a, ya kalli ƙasa, ya yi tsit.

Kaina ya ɗaure. Da farko na zata santi ne ya hana su magana, to amma ai sai an ci ake santi. Na ce ko yajin ne ya yi yawa, na koma zuma. Shiru. Na ce ko zuma a kan masara ce ta zame musu baƙon abu, na matsa lemon tsami na barbaɗa ƙuli. Na ɗanɗana da kaina, wallahi ta yi daɗi. Na dubi rigata ko wani abu ya zuba, na dubi hulata. Na tambayi ƙanen ko an yi rasuwa ne a gari, ya ce lafiya ƙalau. Gumi ya rufe ni, ina ta fifita wuta ina bayanin amfanin riɗi a jiki, babu mai tanka min.

Can sai ga Baba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ɓawon, ga tsummokaransa a cakuɗe a ciki. Aka shimfiɗa masa buzu ya zauna, ya ce in ba shi mai ƙulin nan. Ya ci a hankali har ya cinye, sannan ya ce, "Malam, tun ina yaro nake noma masarar nan, ban taɓa cin manyan ba sai yau. Ashe haka suke da zaƙi. Allah ya yi albarka." Ya dubi sauran ya ce su ci mana. Suka ci, amma kamar masu shan magani. Ni kuwa na washe baki, na ɗauka yabo ne, har na ƙara masa wata.

Sai da na shiga cikin gida mayar da kwanuka na tarar da maiɗakina idonta ya yi ja. Na ce ke kuma fa? Ta ce, "Irin Baba ka gasa. Na baɗi." Na ce to me ya hana wani ya faɗa min tun ina ɗora na farko? Ta ce, "Wa zai buɗi baki ya kunyata suruki a ƙofar gida?"

Na rasa inda zan sa kaina. Washegari na je ba Baba haƙuri, ina farawa ya tambaye ni yaushe za a koma makaranta. Bai bari na ƙarasa ba.

Ukun nan masu tsutsa su ya shuka da damina ta zagayo. Masarar ta fito, amma har yau ba ta koma girmanta na dā ba, kuma har yau bai taɓa ce min uffan a kai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tun daga ranar na koyi tambaya kafin in taɓa abin da ban san dalilinsa ba, na kuma gane cewa a gidan masu kawaici, in aka yi maka shiru, to ka tsaya ka duba abin da ka yi.