Ƙwan Zabi a Kunun Yaye

Jiya a kasuwar Rano na ga dafaffen ƙwan zabi, sai marigayiya surukata, Inna, ta faɗo mini a rai.

Lokacin da na yaye ɗana a ƙauyen Fammar, gero kaɗai ya rage mana. Koko da safe, tuwo da dare. Yaron ya ƙi tsawo, gashinsa ya yi ja.

Kullum Inna sai ta dafa ƙwan zabinta, ta murmushe gwaiduwar a kunu, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Har yau ina jin ƙamshin kunun nan da hayaƙin kara.

Wata rana maigidana ya ce, "Inna, ai ba a ba yaro ƙwai. Sata zai koya."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Bari ya girma tukuna. In ya yi satar, ni zan zane shi. Wanda bai kai bakin turmi ba, me zai ɗauka?"

Yaron bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Yau sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya ciyar da ita abincin Aljanna.